Ƙyaure Ɗaya a Rufe

Kawu ya rasu wata Talata da hantsi a gidan babban ɗansa da ke unguwar Cissin, bayan gajeriyar jinya. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage a bakin sana'a cikin masu shagunan tsohon Zangon Wagadugu.

An kai shi bayan azahar. Mazan da suka dawo daga maƙabarta sun ce an yi jama'a daidai gwargwado, amma yadda suka faɗi maganar suna kallon ƙasa ya isa amsa. Mu mata muna tsakar gida a kan tabarmi, kuma tun daga yammacin ranar har sadakar uku, duk tsohuwar da ta yi sallama da magana ɗaya take shigowa: ba mu ji ba. Matar wani mai goro, maƙwabcin Kawu da ya riga shi rasuwa, wadda rusau ɗin Zango ya jefa can ƙarshen gari, ta shigo tana haki, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara faɗa.

"Haba jama'a! Alhaji guda ya kwanta dama, sai jiya jikata ke karanta mini a portabul, wayar nan tata? Da ban tambaye ta abin da take kallo ba, da har yau ina zaune."

Ɗan Kawu, wanda taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna, ya durƙusa ya gaishe ta. "Tanti, wallahi na tura mesaj ko'ina. Na sa a gurup na dangi, na sa a na masallaci. Bon, wanda bai buɗe ba, yaya zan yi?"

"Ni gurup ɗin me na sani?" in ji ta. Ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Liman ya yi magana mai kyau, ya ce marigayi bai taɓa tauye awo ba, sahun farko kuma ya san goshinsa. Wani tsoho ya ce ba za a ƙara yin irinsa ba, wanda kullum haka ake faɗa. Wata ta tuna turaren da ya sayar mata na aurenta. Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tanka wa kowa ba sai amin. Sai da aka watse ranar uku, muna naɗe tabarmi, ta ce ba tare da ta dubi kowa ba:

"Mutumin da ya rufe wa Zango duka ƙyaure, shi ko ɗaya ba a rufe masa ba."

Wata jikar Kawu da ke jami'a ta matso kusa da ni ta tambaye ni da Faransanci wane ƙyaure ake nufi. Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na tuna ba a haife ta ba lokacin da aka rushe unguwar. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada a wayi gari babu wanda ya san abin da Inna take nufi.

Kafin rusau akwai wani layi a Zango da kowa ke kira layin shaguna. Ba kantuna ba ne irin na yanzu. Ɗakunan gaban gidaje ne aka fasa musu ƙofa ta titi, kowanne da ƙyauren katako mai ganye biyu, mai shagon kuma yana kwana a bayan shagonsa. Akwai mai goro, akwai mai gyaran agogo da gilashinsa a ido ɗaya, mai takalman fata, mai littattafan addini da alluna, mai gyaran rediyo wanda shagonsa bai taɓa yin shiru ba, da wasu da dama da ba zan iya jerawa ba. Jikin shagon Kawu ta hannun hagu tela ne, abokinsa tun na makarantar allo. Mosi da Fulani da Yarbawa duk nan suke zuwa sayayya, kuma duk wanda ya daɗe yana zuwa sai ka ji bakinsa ya fara kama Hausa.

Kawu yana sayar da zare da allura da maɓallai, turare, kafur, carbi da kwalli. A kan kanta ta can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, akwai bandir na farin yadi. Shi kaɗai ke sayar da likkafani a unguwar, saboda haka duk gidan da aka yi rashi, wurinsa ake fara zuwa. Da ya hango mutum ya nufo shi da irin wannan tafiyar, sai ya kashe rediyo. Ba ya yawan tambaya. "Namiji ko mace? Babba ko yaro?" Daga nan ya sauko da bandir, ya auna da kamun hannunsa, ya ɗan tsaga bakin da almakashi, ya ja. Ƙarar yagewar yadin nan har yau ina jin ta. Ba a ciniki a kansa. Wanda ya yi kuskuren tayawa sai ya ce masa, "Ba a tayin rigar ƙarshe, ɗana. Ɗauki ka je, ana jiranka."

Mai ɗaukar yadi na juya baya, Kawu zai tashi ya jawo ganyen ƙyaurensa na hagu ya rufe, ya bar na dama a buɗe. Tela na gani zai rufe nasa ɗaya. Mai agogo ya bi, mai goro ya bi, haka har ƙarshen layi. Ba a daina ciniki, ta ganyen da ke buɗe ake miƙa kaya. Amma duk wanda ya shigo layin ya ga shaguna da ƙyaure ɗaya a rufe, ya san an yi rashi, zai tsaya a shagon farko da ya tarar ya ce, "Wa ya rasu?" A gaya masa mutumin, da gidansu, da lokacin da za a kai shi. Kafin a kira azahar labari ya kai tasha, ya kai mahauta, ya kai wurin mata a bakin famfo. Ban san wanda ya fara wannan al'ada ba. Kawu ya ce shi ma a hannun mahaifinsa ya tarar da ita, tare da ƙyauren.

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kawu yana da zafin rai, yana kuma da riƙo. Ga rowar turare: in ya ɗiga maka a bayan hannu don ka shinshina, sai ya bi hannun da kallo kamar ka tafi da rabin kwalbar. Bencin ƙofar shagonsa na maza ne, mace ko ta tsufa a tsaye take sayayya. Ni kaɗai ya yarda in zauna, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, ba ya kuma iya korar uwarsa daga kan benci. Da na shiga lakwal, wato makarantar boko, ya samu abin tsokana. In na dawo da jakata sai ya ce, "Uwata, yau me Nasara ya ce?" In na karanto masa wani abu da Faransanci, ya saurara da kyau kamar yana ganewa, sannan ya ce, "To madalla. Amma bai gaya muku yadda ake zura zare a allura ba ko?" Yana yawan cewa, "Mutuwa rigar kowa ce, ni mai yankawa ne kawai." Yana kuma cewa mai shago ba ya yawo, duniya ce ke zuwa ta same shi a zaune.

Rigimar da aka fi tunawa da shi a kanta da tela ya yi ta, ina 'yar budurwa lokacin. Jajibirin ƙaramar Sallah ne. Wani baƙo mai tallar magani daga arewa ya kwana a tasha bai tashi ba, babu wanda ya san sunansa na gaskiya balle danginsa. Mutanen tasha suka zo suka karɓi yadi, Kawu ya rufe ƙyaurensa ɗaya. Tela bai rufe ba. Ɗinkin Sallah ya taru masa har rufi, masu kaya na tsaye a kansa, shagon kuma ba lantarki, hasken ƙofa kaɗai gare shi. Da layin ya ga tela bai rufe ba, sai kowa ya tsaya yana kallon na kusa da shi.

Kawu ya fito ya tsaya a ƙofar tela. "Malam, ba ka ga ƙyaurena ba ne?"

"Na gani, Alhaji. In na rufe, da me zan ga ramin allura? Yau jajibiri. Kuma mutumin nan baƙo ne, ba wanda zai zo tambayarsa."

"Baƙo ne?" in ji Kawu, muryarsa ta fara hawa. "Kakanka da ya sauke jakunansa a nan, ɗan gari ne? Wa ke ɗan gari a Zango? In ba mu rufe masa ba, wa zai rufe masa, uwarsa da ba ta ma san ya mutu ba?"

"Kai ba ka da riga ko ɗaya da aka ba ka amana. Ni ina da su tuli. Ka je ka yi wa'azinka a masallaci."

Sauran shagunan suka rufe, tela ya ci gaba da taka kekensa. Baƙon ya samu jama'a, don duk wanda ya shigo sayayyar Sallah ya tambaya, da yawa kuma sun bi gawar. Amma Kawu bai yafe ba. Ya daina sayar wa tela zare. Mutum yana jikin bangonka, sai ya aika har babbar kasuwa neman zaren da ke rataye kamu biyu daga kekensa. Aka yi babbar Sallah ba sa gaisawa. Liman ya sa baki, Inna ta sa baki, Kawu ya ce shi bai yi faɗa da kowa ba, zarensa ne dai ya ƙare.

Abin da ya raba gardamar rasuwar matar Kawu ce. Ranar yana cikin gida, shagonsa a kulle, babu mai fara rufewa. Tela ne ya tashi ya rufe nasa, ya bi layin shago shago yana faɗa da bakinsa. Sannan ya fito da tabarma ya zauna a rana a ƙofar shagonsa yana ɗinkin hannu har aka yi sadakar uku. Da Kawu ya buɗe shago, abin da ya fara yi shi ne ya ɗebi zare kala-kala ya ajiye a kan keken tela, ya juya ya koma shagonsa. Tela kuwa bai ce an gode ba. Da azahar aka gan su suna cin tuwo a kwano ɗaya. Harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Na riga na fara aikin sakatariya lokacin da maganar rusau ta tabbata. An ce tsakiyar birni za ta zama ta manyan gine-gine. Aka yi taruka, aka yi addu'o'i, aka yi kai-kawo, daga ƙarshe aka zo da jan fenti aka yi wa bangaye alama. An ba mutane filaye a bayan gari, wasu suka karɓa suka gina, wasu suka raɓa da dangi a Cissin ko Dassasgho, wasu suka bar ƙasar gaba ɗaya. Kowa ya kwashe abin da zai iya: kwanon rufi, tagogi, har tubali. Kawu da hannunsa ya kwance ƙyauren shagonsa, ya ɗora a amalanken jaki, ya bi shi a ƙafa yana riƙe da gefe kamar mai rakiyar mara lafiya.

Bai bi mutane bayan gari ba. Ya kama hayar wani siririn ɗaki a gefen Kamsaoghin, daidai inda rusau ya tsaya. Ƙofar ɗakin ta yi wa ƙyauren faɗi. Magini ya ce a sayi sabo, ya fi sauƙi. Kawu ya ce a'a, bango za a gyara ya bi ƙyaure. Haka aka yi. Tela ya kama ɗakin da ke jikinsa, mai agogo da mai goro suka samu wuri a tsallake. 'Yan shagunan nan su ne suka zama Zango. Tsofaffi kan hau taksi daga nesa su zo su zauna a benci, ba don sayen komai ba, sai don su ji wanda ya aurar da 'ya da wanda ya kwanta ciwo. Daga bencin ana hango filin tsohuwar unguwa, wanda ya daɗe a haka ciyawa na fitowa a kai. Wani lokaci sai ka ga tsoho ya miƙa sanda yana cewa, "Can wajen bishiyar nan ɗakin uwata yake."

Daga baya gine-ginen suka taso, masu gilashi tun daga ƙasa har sama, bankuna da otal-otal da kantunan da sanyi ke dukan mutum tun daga bakin ƙofa. Shagunanmu kuwa suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da hayaniya ba. Mai agogo ya ce tunda kowa na duba lokaci a waya, shi ya gama nasa aikin. Mai goro ya rasu, 'ya'yansa kowa da aikinsa, babu mai son zama yana yayyafa wa goro ruwa. Tela ya yi ta fama da gwanjo da ɗinkakkun kaya masu araha har idonsa ya gaza, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi. Duk ɗakin da aka bari, mai gida zai cire katako ya sa rido, wato ƙofar ƙarfen nan da ake naɗewa sama. Samari suka kama wuraren suna sayar da kayan waya da aika kuɗi. Yara ne masu ladabi, suna gaishe shi da Papa, suna taya shi ɗaga kaya. Amma rido ba shi da ganye biyu. Ko a buɗe yake ko a rufe.

Likkafani ma aka daina zuwa saye wurinsa, don wanda aka yi wa rashi a ƙarshen gari ba zai ratso birni saboda yadi ba. Labarin mutuwa ya koma zuwa masa ta wayar da ɗansa ya saya masa, wani lokaci bayan an riga an binne. Duk da haka yana ajiye wayar zai tashi ya rufe ganyen hagu. Tsarar tasa kuwa lokacinsu ne, sai ya zama ranakun da ƙyauren ke rabi sun fi waɗanda yake buɗe duka.

A gabana suka yi da ɗansa wata rana. Taubashin nawa mutumin kirki ne, ko da yake ba zan faɗa a gabansa ba. Shi ya ɗauke wa uban nauyin hayar ɗakin shekara da shekaru bai taɓa yi masa gori ba.

"Baba, kliyan, masu sayen nan, suna zaton ka rufe ne. Mutum ya hango ƙofa rabi, ciki da duhu, sai ya wuce. Ka zo Cissin in buɗe maka butik a ƙofar gida, ka huta da wannan zirga-zirgar."

"Wanda ya san ma'anarsa zai tsaya."

"Su wa suka sani, Baba? Wa ya rage?"

Kawu ya gyara carbin da ke rataye. Can ya ce, "In na tafi Cissin, wanda ya zo neman Zango wa zai tarar?"

Ɗan bai sake tayar da maganar ba.

Akwai wata la'asar da ba na mantawa. Na taso daga aiki a kan moto, wato babur, na ratso ta wurin, na hango ganyen hagu a rufe. Na tsaya na kafe moto, na yi sallama, na faɗi abin da aka koya mana tun muna yara.

"Kawu, wa ya rasu?"

Yana zaune a kujerarsa a ɓangaren duhun. Ya ɗago ya dube ni.

"Uwata, tun safe ke ce ta farko."

Tela ne. Ya rasu da asuba a gidan 'yarsa, an kai shi da hantsi, sai bayan an dawo wani ya tuna ya kira Kawu. Kawu ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo wani farin yadi a naɗe cikin takarda. "Ba su ma zo sun karɓi yadinsa ba. Tun da idonsa ya tafi na yanka na ajiye masa. Na san tsawonsa." Ya mayar da shi inda yake. Wannan yadin ne aka sa wa Kawu da kansa daga baya, don tsawonsu ɗaya.

Na zauna a benci ya yi ta ba ni labarin tela, tun daga makarantar allo, da yadda suka je Kumasi a bayan motar goro suna samari, da rigimar jajibiri, wadda a bakinsa har ranar shi ke da gaskiya. Ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Motoci na wucewa, samarin rido na ta cinikinsu. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Tun daga ranar na mayar da hanyata ta nan, ko da ta fi nisa zuwa gidanmu a Dassasgho. In na ga ƙyaure rabi in tsaya in tambaya. Sau da yawa sunan da zai faɗa ban ma san mai shi ba, amma yakan faɗa duka, da gidansu a tsohuwar unguwa, da wanda ke maƙwabtaka da su, kamar zan tashi in je gaisuwa. Wata rana ya ce mini, "Yanzu nawa sun fi yawa a can, Uwata. Nan baƙunta nake yi."

Bayan sadakar uku ɗan Kawu ya kira ni gefe. Ya ce mai ɗakin da Kawu ke haya ya yi ta'aziyya, ya kuma ce yana son wurinsa a ƙarshen wata, akwai wanda ke jira. Taubashin nawa ya miƙo mini makulli. "Ke kika san kayan nan. Ki duba abin da za a raba da abin da za a bayar sadaka. Ni in na shiga wurin ba zan iya ba." Karo na farko a rayuwata ban samu abin tsokanarsa ba.

Ranar Asabar da safe na je. Ban taɓa kayan ba. Na buɗe ganyen dama, na bar na hagu a rufe, na zauna a kujerarsa. Warin kafur da turare na nan yadda ya bari. Daga wurin nan ne na fara ganin abin da ya yi shekaru yana kallo: rabin titi, ƙafafun mutane, tayoyin moto, da bangon gilashi a can tsallake. Wani ya leƙo ya tambaya ko ina sayar da cajar waya. Wata mata ta tambaya ko ɗakin na haya ne. Samarin maƙwabta sun riga sun yi mana gaisuwa a gida, suka ɗaga mini hannu suka ci gaba da aikinsu. Rana ta take, ta karkata. Na ji haushin garin nan gaba ɗaya, na ji haushin kaina da na zo, na kuma ƙi tashi.

Bayan la'asar wata koriyar taksi ta wuce, ta ci birki a gaba, ta tsaya. Wata tsohuwa ta fito da ƙyar tana dogara sanda. Ta daɗe kafin ta samu ta tsallako titin. Bamosiya ce, da ɗan gicciye a wuyanta, ban kuma gane ta ba. Ta iso bakin ƙofa tana ƙifta ido, tana leƙa cikin duhun ta bayan kafaɗata, ta ce da Hausarta mai nauyin Mosanci:

"Alhaji, wa ya rasu?"

Ta sauke ido ta dube ni, ta dubi kujerar da nake kai. Sannan ta jingina sandarta da ƙyauren, ta zauna a dokin ƙofa.

"Yaushe?"

"Talata, Yaaba." Haka ake kiran kaka da Mosanci.

Ta yi masa addu'a da harshenta, irin tasu, na ce amin. Na ce Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da mutanen layinsa, ita ma ta ce amin. Ta gaya mini ita ce mai sayar da zom-kom, ruwan garin geron nan mai sanyi, a ƙarshen layin shaguna tun kafin a haife ni. Mijinta mai gadi ne, Kirista kamar ita. Ranar da ya mutu ba ta je wurin Alhaji ba, don su a akwati suke binnewa. Amma da ta fito sai ta ga layin duka da ƙyaure ɗaya a rufe, tun daga kan Alhaji har ƙarshe, mutane na tsayawa suna tambaya, ana faɗin sunan mijinta. Yanzu tana zaune wurin ɗanta a bayan gari. Daga asibiti take, ta ce, kuma duk lokacin da mota ta ratso da ita ta nan sai ta duba ƙofar.

Can ta shafa katakon da tafin hannunta.

"Shagon fa?"

"Ƙarshen wata za a mayar da makulli. Rido za a sa."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana kallon titi. Ba kuka ta yi ba. Tambaya ta yi, kamar mai son ta san motar da za ta hau.

"To ni, in tawa ta zo, wa zai rufe mini?"

Na ce mata Allah ya ja da rai, don shi ne abin da ake faɗa. Ta dube ni, ba ta ce amin ba. Muka zauna ni da ita har aka kira magariba, babu wanda ya ƙara tsayawa.